Kofi Biyu a Kan Taga

Litinin, 7 ga Oktoba, 6:40 na safe

Littafin nan na ɓeraye ne. Na saye shi don rubuta nauyinsu da yadda suke jan ƙafa, ga layukan da na ja da biro har shafi na ashirin. Yau na juya shi ta baya na fara wannan, don ba ni da wanda zan faɗa wa, kuma hannuna ya saba rubuta abin da na gani da safe.

Abin da na gani: Yaya Lawali kwance rigingine a gado na huɗu, ɗakin maza, kwana biyu ke nan. Yana magana, yana cin abinci, har ya yi wa nas mita kan ƙafar gadon da aka yi wa walda a karkace. Shekara ashirin yana walda a Ƙofar Kware, ba ya iya ganin mugun aiki ya yi shiru. Daga cibiya zuwa ƙasa kuwa ba ya jin komai.

Buhun da ya ɗauro a babur ranar da ya faɗi yana zaure. Wanda ya kawo babur ɗin ne ya sauke shi can. Ban taɓa shi ba.

Litinin, bayan La'asar

Dokta Junaid ya ɗaga hoton bayan Yaya wajen haske ya nuna min. Bakano ne, maganarsa a hankali. Ƙashi ɗaya ya murƙushe ya danne laka, amma bai tsinka ta ba. Ya maimaita min wannan sau biyu. Yana so ya ɗage ƙashin ya ɗaure wurin da sukuru huɗu da sanda biyu ranar Laraba, da zarar kayan sun iso.

Ya ce, "Ke ce Wasila mai ɓeraye? To ba sai na faɗa miki abin da kowace rana take ci ba."

Ba sai ya faɗa ba. Shekara biyu ke nan digirina na biyu a kan wannan yake. Bugun farko yana yin ɓarnarsa nan take, ba mai iya mayar da shi. Amma bayansa akwai ɓarna ta biyu, mai tafiya a hankali cikin awanni da kwanaki: wurin ya kumbura, jini ya kasa kaiwa, wasu miyagun ɓurɓushin iskar da muke shaƙa su shiga cin bangon jijiyoyin da suka tsira. Aikina shi ne in ga ko ruwan ganyen sabara yana rage wannan cin. Ɓeraye ashirin da huɗu gare ni. Ni nake sa musu maganin barci, ni nake sakin ɗan ƙarfe a kan lakarsu. Yau na kasa kallon ɗan ƙarfen.

Talata, 8 ga Oktoba, 7:15 na safe

Inna ta zo asibiti ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta shiga. Yaya ɗan farinta ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta taɓa ko hularsa ba. Sai dai "mai walda", ko "mutumen". Ta miƙa wa matarsa Shamsiyya kwanon kunu, ta tambaye ta ko mutumen ya kwana lafiya, alhali ga shi can yana kallonta.

Ina mamakin yadda ake yi wa mutum son da ba a furtawa har shekara arba'in da ɗaya. Ina yake taruwa?

Shamsiyya ta gaishe ni. Gaisuwar kawai.

Talata, bayan Magariba

Na shiga uku, kuma da bakina na shiga.

Watannin baya Inna ta tambaye ni me nake yi da ɓeraye har nake dawowa ina warin keji. Ban san yadda zan ce mata da Hausa ba. Sai na ɗauki goronta na ɓare, muka zauna muna kallo har farin cikinsa ya rine. Na ce iska ce ta ci shi, kamar yadda take cin ƙarfe ya yi tsatsa, kuma in laka ta ji rauni haka take yin tsatsa daga ciki. Na ce akwai ganyayen da ke da abin hana tsatsa. Ta gyaɗa kai. Na ji daɗin kaina ranar, har na faɗa wa malamina cewa na samo kalmar da ta dace.

Ɗazu ina mata bayanin aikin gobe, da na zo kan sukuru sai ta ajiye tasbaha.

"Ƙarhe? Cikin bayan mutum?"

Na ce ƙarfe ne na musamman.

"Ke kic ce min da bakinki tsatsa ka cin laka. Yanzu tana cikin ci, ku kuma ku ɗauko uwar tsatsa ku sa mata kusa? Jikin ɗan Adam dut ruwa na da gishiri. Ƙohwar gidanga shekara nawa tay yi kahin ta ruɓe daga ƙasa?"

Na ce ba irin wannan tsatsar ba ce, misali ne kawai na yi.

"To ƙarya kiy yi min ke nan."

Na ce ba ƙarya ba ce.

"To in gaskiya ta, ba a sa ƙarhe."

Na yi karatun shekara goma sha tara, tsohuwar nan ta kulle ni da tambaya biyu. Abin haushin ma, hankalinta bai karkace ko kaɗan ba. Abin da na ba ta ne ta yi gini da shi.

Laraba, 9 ga Oktoba, 8:05 na safe

An kawo takardar amincewa da tiyata. Yaya ya karɓi biro ya riƙe, ya tambayi Shamsiyya me Inna ta ce. Ta faɗa masa. Ya mayar da biron.

"Ba a yanka ni Inna ba ta sa albarka ba."

Dokta Junaid ya ce masa shi babba ne, hannunsa kaɗai ake bukata. Yaya ya ce ya sani. Na durƙusa bakin gadon na yi ta magana, ban ma san me na ce ba. Ya bar ni na gama sannan ya ce, "Wasila, tashi, ƙasan nan ba tsabta."

An shigar da wani a madadinsa. Sai Litinin kuma za a samu wuri.

Laraba, azahar

Kwana biyar.

Alhamis, 10 ga Oktoba, 6:30 na safe

Na je wajen ɓeraye, dole. Rukuni biyu ne: sha biyu masu shan ruwan sabara, sha biyu masu shan ruwa zalla, don in an ga bambanci a san daga ina ya fito. Ina sakin kowanne a faffaɗan tire minti huɗu, ina kallon ƙafafun baya. Sannan in ɗan matsa yatsan ƙafar in ga ko zai janye.

Lamba tara, na rukunin sabara, ya taka da tafin ƙafarsa yau. Taku biyu, sannan ya koma ja. Na rubuta a gaban littafi. Na tsaya ina kallonsa ya fi minti huɗun da ƙa'ida ta ce. Me ke faruwa a cikin bayansa? Jijiyoyin da suka tsira ne suka farfaɗo, ko wata hanya suka sake? Ko kuwa dama raunina a kansa bai kai na sauran ba? Ko a irin wannan makon kaina bai daina tambaya ba, kuma ina jin kunyar hakan.

Ban taɓa matsa yatsan Yaya ba. Ina tsayawa ta wajen kansa kullum.

Alhamis, hantsi

Inna ta tare ni a tsakar gida.

"Wanga ruwan ganye da kika ba ɓeraye, ɗan'uwanki bai kai ɓera ba?"

Na ce ban san adadin da mutum zai sha ba, ban san me zai yi wa hantarsa ba, ban san ko zai hana jini tsayawa a tiyata ba. Na ce ɓerayen ma cikin awa ɗaya da rauni nake fara ba su, kuma ban gama ƙirga ba balle in ce yana aiki.

"Shekara biyu, ba ki san komi ba?"

Na ce na san tambayoyin.

Ta dube ni kamar yadda take duban tuwon da bai nuna ba. Abin da ban faɗa mata ba, tun jiya akwai ƙaramar kwalbar ruwan sabara a jakata. Na zuba ta daga firjin ɗakin gwaji. Na kai ta har bakin gado na huɗu na dawo da ita.

Alhamis, bayan La'asar

Na faɗa wa Dokta Junaid duka, har da goron. Na zaci zai yi faɗa. Dariya ya yi, gajeriya, sannan ya ja durowa ya fito da sukuru ɗaya, irin wanda yake nuna wa marasa lafiya. Tsawon ɗan yatsana, launin toka, ba nauyi. Taitaniyom sunan ƙarfen.

Ya ce, "Kai mata ta gani. Kwalbar kuma ki ba ni nan."

Na ba shi.

Mun fara nuna wa Yaya. Idonsa ya buɗe, rabon da in ga haka tun ranar Asabar. Ya juya shi, ya auna a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa a ƙarfen gado ya kasa kunne. Ya aiki Shamsiyya shago ta ɗauko mayen ƙarfen da ya cire daga tsohuwar sifika. Ya kanga. Sukurun bai ko motsa ba.

"Wanga ba ƙarhe na ba irin namu. Maye bai san shi ba. Wa yay yi zaren nan? Kai, wanga aiki!"

Shi ya gamsu. Na ce to ya sa hannu. Ya ce ba shi ne ke da tambaya ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan Asuba

Ina so in rubuta wannan daidai yadda ya faru.

Na ba Inna sukurun jiya da yamma. Ta karɓa ta shige ɗaki da shi. Yau na fito alwala na ga kofi biyu na gilashi a kan tagar ɗakinta, irin waɗanda ba a fitowa da su sai an yi baƙi. Ruwa daidai wa daida a cikinsu. A ɗaya sukurun likita. A ɗayan ƙusa 'yar inci uku, sabuwa fil, daga gwangwanin Yaya.

Na tambaye ta ƙusar ta mece ce.

"In nis sa na likita shi ɗai bai yi tsatsa ba, ina za ni sanin ko ruwan na ba su da ƙarhi? Gishiri cokali guda-guda nis sa. Randa guda niɗ ɗebo."

Na zauna a kan turmi. Sai da na kai aji uku a jami'a kafin wani ya fahimtar da ni dalilin rukuni na biyu, kuma har yau akwai 'yan ajinmu da ba su gane ba. Inna ko allo ba ta sauke ba. Wa ya koya mata? Ko kuwa kowa da shi ake haihuwarsa, makaranta ce take sa mu manta sannan ta sayar mana da shi?

Na ce kwana nawa za ta jira.

"Ukku."

Na ce Inna, kowace rana tana ci.

"Na sani. Ke kih hwaɗa min."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ashe tana ƙirgawa ita ma.

Juma'a, bayan Magariba

Ruwan ƙusa ya fara yin ja-ja. Na likita garau.

Asabar, 12 ga Oktoba, 10:00 na safe

Mako guda cif. Da misalin wannan lokacin ne wayata ta yi ƙara.

Kaza ta fara tsattsagar gefen buhun. Na kore ta, na ja shi bayan ƙofa da ƙafata. Ƙamshin ganyen ya cika zauren.

Na tsaya a taga na fi rabin awa. Tsatsar ba ko'ina ta kama ƙusar lokaci ɗaya ba. Ta fara daga kai da tsini, inda aka buge ƙarfen wajen ƙera shi, sannan ta bi jiki. Wato inda aka ji rauni nan take fara ci. Na ɗauko littafi na zana. Inna tana kallona ta labule, na san tana kallona.

Lahadi, 13 ga Oktoba, 4:50 na yamma

Shamsiyya ta ce min a baranda, ba tare da ta dube ni ba, "Ranar nan cewa yay yi bari shi kai miki saƙonki shi dawo mu ci abinci. Na aje mai tuwonai har dare."

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Ta ce amin. Ban da wannan me zan ce?

Litinin, 14 ga Oktoba, 6:10 na safe

Inna ta sa mayafinta na zuwa suna. Ta zubar da ruwan kofi biyun a gabana. Ƙusar ta fito jawur, ƙasan kofin duk gari-gari. Ta goge sukurun likita da farin gefen zanenta, ta duba zanen a haske, ta sake gogewa. Ta sa shi a harshe. Sannan ta ƙulle su biyun a habar zane muka hau Keke.

A bakin ƙofar ɗakin maza ta tsaya, wurinta na kullum. Ta kira Shamsiyya da ƙarfi yadda duk ɗakin zai ji.

"Ki ce ma mai walda, ƙarhen likita ya ci jarrabawa. Shi sa hannu. Allah shi yi albarka, shi tashe shi bisa ƙahwahunai."

Yaya ya juya fuska wajen bango. Da aka kawo biro sai da ya goge ido da bayan hannu kafin ya ga layin.

Litinin, bayan La'asar

Awa biyar da minti ashirin. Dokta Junaid ya ce ya ɗage ƙashin, lakar ta kumbura amma tana nan. Na tambaye shi kwana biyar ɗin nan me suka ci. Ya ce, "Ban sani ba. Ke ma kin san ban sani ba."

Alhamis, 17 ga Oktoba, azahar

Babu.

Lahadi, 20 ga Oktoba, azahar

Babu. Ana juya shi duk awa biyu. Ya daina yi wa gadon mita, wannan ya fi komai tayar min da hankali.

Laraba, 23 ga Oktoba, 7:00 na safe

Na gama makonni shida na zagayen farko, na haɗa lissafi. Masu shan sabara sun ɗan fi, ɗan kaɗan. Bakwai cikin sha biyu suna taka tafin ƙafa, a masu ruwa zalla huɗu. A naman lakarsu ma alamar tsatsar ta ragu. Malamina ya ce abin sha'awa ne, amma ɓera sha biyu ba hujja ba ce, sai an maimaita da sabon ganye. Ya tambaye ni ko an kawo min sabon ganyen da na ce za a yanko min bayan Kalambaina.

Na ce an kawo.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan La'asar

Mu biyu kawai, Shamsiyya ta je gida wanka. Ina yanka masa lemo sai ya ce, idonsa a silin, "Kin buɗe buhunki?"

Wuƙar ta tsaya a hannuna.

"Ƙananan ganye kic ce, na saman reshe, ban da itace. Awa biyu ina tsinka ɗai-ɗai kamar mai tsintar shinkahwa. In kib bari yar ruɓe, wannan na ba ni yahe miki. Sauran ba naki na ba. Ni ad da babur, ni niɗ ɗaure kaya."

Na yi kukan da ban yi ba kwana ashirin. Ya bar ni na yi, sannan ya ce lemon fa.

Na buɗe shi da na koma. Na saman ya bushe lafiya, na tsakiya ya yi baƙi ya dafe. Na baza mai kyan a inuwa. Zai kai rabi. Babu itace ko ɗaya a ciki.

Talata, 29 ga Oktoba, 11:30 na safe

Bari in rubuta abin da na gani.

Yaya yana barci, ko na zaci barci yake. Shamsiyya ta fita karɓo magani. Ni ina kan kujera ta wajen kansa. Sai na ga Inna ta leƙo, ta duba dama ta duba hagu, ta ga masu jinya duk hankalinsu na wani wuri. Ta shigo. Ban taɓa ganin ƙafarta ta wuce dokin ƙofar nan ba. Ni kuma ta ɗauke ni kamar kujerar da nake kai.

Ta tsaya a ƙarshen gado. Ta ɗage zanen kaɗan. Ta sa hannu biyu ta riƙe ƙafarsa ta hagu, kamar mai ɗumama hannu a jikin tukunya, bakinta yana motsi.

Yaya bai buɗe ido ba. Ya yamutsa fuska ya ce, "Shamsiyya, hannunki da sanyi. Sakar min ƙahwa."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce Yaya, wace ƙafa? Ya buɗe ido. Ya ce ta hagu. Sannan ya ji abin da ya faɗa. Sannan ya ga mai riƙe da ita.

"Wa ka taɓa ni?" Ya san amsa, so yake ya ji.

Inna ta saki ƙafar, ta ja zanen ta rufe, ta gyara mayafi.

"Ba kowa na ba," in ji ta. Ta fita da sauri har tana tuntuɓe da bokitin wani.

Na zagaya ƙarshen gadon, karo na farko. Na matsa babban yatsan hagu kamar yadda nake yi kowace safiya a tire. Ya ce yana ji, can nesa. Na matsa na dama. Na sake matsawa da farce. Ya ce in fara mana.

Talata, bayan La'asar

Dokta Junaid ya gwada da allura da auduga. Hagu tana dawowa, har gwiwa. Dama shiru. Ya ce a ba ta watanni, wani lokaci tana biyo 'yar'uwarta, wani lokaci ba ta biyowa.

Na dawo gida na tarar Inna ta wanke kofunan ta kife su a kan taga. Ta ce in mayar wa likita ƙarfensa, ƙusar kuma ta riƙe. Sannan, tana kallon wani wuri, ta ce, "Da an yi tun Larba, da ta dama ta ji?"

Duk hanya tambayar da nake yi ke nan. Da ban ɓare goron nan ba. Da na ce mata kumburi, ko ciwo, ko kowace kalma ban da waccan. Da kwalbar ta shiga bakinsa tun ranar farko. Da an yi Laraba. Na juya ta ta kowace fuska, irin juyin da aka koya min, kuma na ga inda take tsayawa. Don a sani, sai an samu wani Lawali, mai irin bayansa da irin faɗuwarsa, a yi masa Laraba, a ajiye shi kusa da namu a kan taga.

Na ce, "Ba a iya sani, Inna. Kofi guda gare mu."

Ta daɗe tana kallon kofunan. Sannan ta ɗauki ɗaya ta mayar cikin kwaba, ta cika ɗayan da kunu, ta rufe da faifai, ta miƙo min.

"Kai mai," ta ce. "Kai ma Lawali."